Ƙarancin jini: tambayoyin da ake yawan yi min a Aboabo da amsoshinsu

Ni nas ce, ɓangaren awon ciki nake aiki a nan Kumasi, a Aboabo aka haife ni kuma a nan nake zaune har gobe. Duk inda na shiga, gidan suna ne ko biki, kai ko koko da ƙosai na fito saye da safe, sai wata ta ja ni gefe ta ja fatar idonta ƙasa tace Anti duba min dan Allah, ina da jini kuwa? Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi yasa nace bari in tattara su in amsa gaba ɗaya yadda nake amsawa baki da baki.

Anti wai menene ma ƙarancin jini, jinin ne yake ƙarewa a jiki?

Ba ruwan jinin ne ya ƙafe ba. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, cikinsu kuma akwai wani abu da ake kira himogulobin, shi ne zaki ga an rubuta Hb a takardar gwaji. Aikinsa ya ɗauko iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Ɓargon ƙashi ke ƙera ƙwayoyin nan, kowace tana yin kwana 120 haka sai ta mutu a ƙera sabuwa, kuma babban kayan haɗin shi ne sinadarin ƙarfe wato ayon, sai folik asid da bitamin B12. In Hb ɗin namiji ya gaza 13, ko na mace ya gaza 12, ko na mai ciki ya gaza 11, toh jini ya yi ƙasa. Kuma ba ƙaramin abu bane a nan Ghana, binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2022 ya nuna mata 4 cikin 10 suna da shi, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa kusan rabi.

Ya zan gane jinina ya yi ƙasa?

Kasala wadda barci baya maganinta, jiri in kin miƙe tsaye, ciwon kai, zuciya na bugawa fat-fat ko ba ki yi komai ba, haki in kin hau bene ko kin ɗauko bokitin ruwa daga famfo. Wata sai tayi ruku'u ta ɗago taga duhu-duhu. Tafin hannu da harshe da cikin ido suyi fari, gashi na karyewa, farce ya yi laushi har ya lotsa kamar cokali, gefen baki na tsagewa. Amma ki ji abin da yake damuna, in jinin a hankali yake sauka jiki yana sabawa, na sha ganin mace tana soya kifi tun asuba tana harkokinta, aka auna aka samu 7. Kuma duban ido da kuke sa ni yi a gidan biki baya kama shi sai ya yi nisa sosai, ido na iya zama ja alhali jinin yana 9. Awo ne kawai ke faɗin gaskiya, ɗan tsira yatsa ne, minti biyar an gama.

An ce min ina da hawan jini, ta yaya kuma za a ce jinina ya yi ƙasa?

Abu biyu ne daban, sunan ne ke rikita mutane. Hawan jini ƙarfin da jini ke buga jijiya ne, shi ake aunawa da abin da ake ɗaurawa a damtse. Ƙarancin jini kuwa himogulobin ne, sai an ɗebi jini. Mutum ɗaya na iya haɗa biyun, dan haka dan Allah Mma kar ki ajiye maganin hawan jininki wai dan an ce miki jini ya yi ƙasa.

Ina ci ina ƙoshi, bana zama da yunwa, toh me ya kawo min?

Wannan ce tambayar da na fi so mutane su riƙe, dan ƙarancin jini ba shi ne asalin ciwon ba, alama ce ta cewa wani abu na faruwa. Ki ɗauka tulu ne aka duba aka ga ruwan ya yi ƙasa, ko dai yoyo yake, ko ba a zuba isasshe, ko kuma wani abu na lalata na ciki.

Yoyon yana da hanyoyi da yawa a wurinmu: al'ada mai yawa, ƙarin mahaifa da ake ce wa faiburod, haihuwa kusa-kusa, ɓari, basir mai jini, olsa, tsutsar ciki mai ƙugiya wadda ke shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi ta maƙale a hanji tana tsotsa, da tsargiya ga yaran da ke wanka a rafi suna fitsarin jini. Jikin babba gaba ɗaya ayon ɗinsa bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma abin da hanji ke tsotsa daga abinci a rana galibi miligiram 1 zuwa 2 ne kacal, kinga in ana zubarwa kullum ko kaɗan-kaɗan ne shigowa ba zata kamo fita ba.

Rashin zuba isasshe kuma ba yunwa nake nufi ba. Mutum na iya cika ciki da tuwo ko banku ko shinkafa ko burodi ya ƙoshi dam, amma ayon ɗin ciki kaɗan ne, sannan ya kora da shayi mai kauri wanda ke hana hanji tsotsar ɗan wanda ya samu. Mace mai al'ada tana buƙatar miligiram 18 a abincinta a rana, namiji 8, mai ciki 27, amma a gidajenmu wa ake zaɓa wa tsokar nama? Maigida. Uwa ta ci abin da ya rage a tukunya.

Na ukun shi ne wanda ke farfasa ƙwayoyin, a nan maleriya ce gaba, sai sikila. Akwai kuma ciwon ƙoda, tibi, ƙanjamau da kansa, su kan hana ɓargo aiki yadda ya kamata.

Al'adata tana yawa amma haka mamana ma take, ba gado bane?

Bari in ba ku labarin yayata uwa ɗaya uba ɗaya, da izininta. Tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, shekara kusan uku tana al'adar kwana 9 zuwa 10 da gudaji, tana haɗa audugar mata biyu da zane a ƙasa, in ta fito daga motar haya trotro sai ta waiga ta duba kujera. Bata taɓa gaya min ba dan a ganinta haka mata suke, ni kuma ina ganinta tana tauna ƙanƙara cikin leda kullum ban kawo komai a raina ba, wannan har yau yana cin raina. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin shago aka auna Hb ɗinta 5.8, hoton ciki ya nuna faiburod. Leda biyu aka ƙara mata sannan aka yi aiki, yau tana nan garau alhamdulillahi.

Dan haka in jinin na wuce kwana 7, ko kina canja auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko kina tashi tsakar dare ki canja, ko gudaji manya na fita, wannan ya wuce misali ko da haka mamanki da kakarki suke. Akwai magungunan rage zubar, akwai hanyoyin tsarin iyali da ke rage shi, ba kowa ake yi wa aiki ba. Ki faɗa wa nas ko likita baki buɗe, ba abin kunya bane wallahi.

Ni kam bana iya kwana ban ci ayilo ba, da gaske yana shan jini?

Kwaɗayin farar ƙasa, ko ayilo ko shile duk sunan da kike kiranta, da tauna ƙanƙara, da son ƙanshin ƙasa in an yi yayyafi, sau da yawa alamar ƙarancin ayon ce. Sannan ita ƙasar in ta shiga hanji tana riƙe ayon ɗin abinci ta hana shi shiga jiki, ga taurin bayan gida, ga ƙwan tsutsa da dalma da ake iya samu a ciki, sai abin ya zama ƙarancin na sa ki ci, cin kuma na ƙara ƙarancin. Bana yi wa kowa faɗa a kai dan nasan ba da gangan bane. Ki auna jini ki fara magani, mata da yawa sun dawo sun ce min bayan sati biyu uku ko ganinta basa son yi.

Malt da madara fa? Da tumatirin gwangwani da Coke? Da sobolo wato zoɓo?

Malt da madara yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci dan sukari ne, amma ayon ɗinsa ba abin a zo a gani bane, madarar ma sinadarin kalsiyam ɗinta na rage tsotsar ayon. Tumatir da Coke shi ma haka, jan launi ba jini bane, haka zoɓo. Ƙananan gautan nan kwahu nsusua da kontomire wato ganyen gwaza da ayoyo da zogale da kuka abinci ne masu kyau a ci su, amma mai Hb 7 ba zasu ɗago ta su kaɗai ba. Kuɗin malt da madara na sati ɗaya ya ishe ki ƙwayar ayon ta wata guda har da canji.

In abinci kike nema, wanda jiki ya fi saurin ɗauka shi ne na dabba: jan nama, hanta, ƙoda, kaza, kifi, har ƙananan busassun kifin nan masu araha da ake dakawa a miya. Sai wake, waakye, ƙosai, tubani, agushi, daddawa, ganye. Dabarar ita ce a haɗa da mai tsami, lemun zaƙi, abarba, gwaiba ko a matsa lemun tsami, yana taimaka wa hanji ya tsotsa, shayi da kofi kuma a ba su tazarar awa ɗaya zuwa biyu da cin abinci. Mai ciki dai kar ta yawaita hanta saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa ga ɗan tayi.

Wane gwaji zan ce a yi min?

Hb na yatsa shi ne farko, amma yana faɗin cewa ya yi ƙasa ne kawai, baya faɗin dalili. Cikakken gwajin jini da ake kira FBC yana nuna girman ƙwayoyin, in lambar MCV ta gaza 80 sun yi ƙanana, galibi rashin ayon kenan, in ta haura 100 sai a duba folik asid da B12. Gwajin feritin shi ke nuna ayon ɗin da ya rage a rumbun jiki, ƙasa da 15 rumbu ya ƙare tas, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani, sai dai zazzaɓi ko wani ciwo na iya ɗaga lambar ta ɓoye gaskiya. Daga nan sai gwajin maleriya, na bayan gida, na fitsari, na sikila, hoton ciki ga mai yawan al'ada. Ki sabunta katin inshorar lafiya kafin ki je, yana rage nauyi.

An ba ni ƙwayar ayon amma tana tayar min da zuciya, bayan gidana ya koma baƙi, na daina

Baƙin bayan gida da ƙwayar ke sawa ba matsala bane, ragowar ayon ne ke fita. Tashin zuciya da taurin ciki kuwa gaskiya ne suna faruwa, amma akwai dabara kafin a kai ga dainawa. Ƙwayar feros salfet ta miligiram 200 tana ɗauke da ayon miligiram 65, kuma yanzu an gane cewa guda ɗaya a rana, ko ma rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta, yana aiki sosai kuma ya fi sauƙi a ciki fiye da sau uku a rana da aka saba da. Ki koma ki gaya wa wanda ya rubuta miki ya gyara. Ta fi shiga jiki in ciki ba komai, amma in baki iyawa ki sha bayan ɗan abinci ko dab da kwanciya, da ruwa ko lemu, banda shayi banda madara banda farin maganin olsa. In kina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin sifro ko dokisi, ko maganin maƙoƙo ki faɗa, dan sai an raba musu lokaci.

Cikin sati 3 zuwa 4 ya kamata Hb ya ƙaru da kamar 2. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne da an ji ƙarfi sai a watsar, alhali bayan jini ya dawo daidai sai an ƙara wata 3 ana sha kafin rumbu ya cika, in ba haka ba bayan 'yan watanni an dawo gidan jiya. In wata ɗaya ya wuce ba canji, ko dai yoyon bai tsaya ba, ko ba ayon bane matsalar, a koma asibiti. Akwai kuma ayon na jijiya da ake sawa kamar ƙarin ruwa ga wanda cikinsa ya ƙi ƙwayar sam, ko mai cikin da haihuwa ta matso.

Abu ɗaya dan girman Allah, ku ɓoye ƙwayar nan inda yaro baya kaiwa. Ja ce mai sheƙi kamar alewa, in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi, in hakan ta faru a ruga asibiti ko da yana wasansa.

Ba gara in sayi tonik na kwalba a kemis ba?

Wasu suna da ayon na gaske, amma da yawa kaɗan ne a ciki ga tsada, na masu talla a mota da lasifika kuwa ba ki san me aka zuba ba. Babbar illar ita ce mutum ya yi wata shida yana shan tonik alhali olsa ko ƙari na can na zubar da jini ba wanda ya duba.

Ina da ciki wata uku, lafiyata ƙalau, dole ne in sha jan maganin awo?

Dole ne ƙanwata. Jinin mai ciki yana ƙaruwa kusan rabi, ga jariri na ɗiban nasa rabon na wata shidan farko daga jikinki, ga jinin da za a zubar ranar haihuwa. Wadda ta shiga naƙuda da 11 ko 12 in ta zubar da jini tana da abin jurewa, wadda ta shiga da 7 ɗan kaɗan ya isa ya kayar da ita, kuma na tsaya a kan irin wannan da idona, bana fatan in sake gani. Ƙarancin jini na kawo haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Ayon da folik asid kullum, maganin rigakafin maleriya na SP da ake haɗiya gaban nas daga sati 16 duk wata, maganin tsutsa bayan wata ukun farko, gidan sauro kowane dare. Maganar wai maganin na sa jariri ya yi ƙato a kasa haihuwa ba gaskiya bace. Awo kyauta ne da inshora tun 2008, ki fara da wuri kar ki jira ciki ya fito, kuma ki cigaba da sha cikin jego. In da hali a ba da tazarar shekara biyu kafin wani cikin.

Yarona ɗan wata goma koko kawai yake sha, an ce bashi da jini

Guzurin ayon da ya zo da shi yana ƙarewa wajen wata 6, koko zalla kuwa ruwa ne da gari. A cigaba da nono, a riƙa zuba garin busasshen kifi ko na waken soya ko gyaɗa a kokon, a ba shi ƙwai, dakakken nama, wake da aka murje, miyar ganye. Banda shayi, banda madarar shanu a matsayin abin sha kafin shekara ɗaya. Zazzaɓi kuma a gwada maleriya ranar, dan a yaro cikin kwana biyu tana iya cinye jini. Yaron da ya daɗe ba ayon yana shafar kaifin ƙwaƙwalwarsa da karatunsa, shi yasa nake matsa wa iyaye. 'Yan mata kuma in an raba musu ƙwayar sati-sati a makaranta, shirin da aka fara a 2017, ku bar su su sha, ba maganin hana haihuwa bane kamar yadda ake yaɗawa.

Ni namiji ne shekarata 55, an ce ayon ɗina ya yi ƙasa, in sha maganin kawai?

A'a Alhaji, kai naka sai an bincika. Namiji baya al'ada baya haihuwa, haka macen da ta daina al'ada, in ayon ya ƙare musu toh sai an tabbatar ba hanji ke zubar da jini a ɓoye ba. Kawuna mahauci ne, shekara da shekaru yana haɗiyar diklofenak safe da yamma saboda ciwon baya, wani lokaci ko karyawa bai yi ba, bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai danƙo da wari kamar kwalta bai gaya wa kowa ba, ashe maganin ya huda masa ciki. Diklofenak, ibuprofen, asfirin da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki duk suna yin haka. Wani kuma ƙwayar cutar olsa ce, wani kansar hanji ce wadda in an kama da wuri ana warkewa. In likita yace a zura kyamara ta baki ko ta ƙasa ka daure ka yarda, ana yi a Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, da wasu asibitocin garin nan.

Ɗana sikila ne kullum jininsa ƙasa, in saya masa ayon?

Kar ki saya sai likitansa yace. Nasa ƙwayoyin fashewa suke cikin kwana 10 zuwa 20, ayon ɗin na nan a jiki, in kuma ana yawan ƙara masa jini har taruwa yake ya cutar da hanta da zuciya. Folik asid ake ba su da sauran magungunan kilinik ɗinsu. A Ghana kusan jariri 2 cikin 100 da sikila ake haifarsu, kuma a nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995, dan haka ku tambayi sakamakon ɗanku, masu shirin aure kuma a yi gwaji tun kafin a kai goro. Akwai kuma masu G6PD, wato waɗanda suka gaji ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyi, su wasu magunguna da kafur ɗin da muke sawa cikin kayan jarirai ke farfasa musu jini, ido ya yi shawara fitsari ya koma kalar Coke.

Da azumi fa?

Ki sha ƙwayar da daddare, awa biyu bayan shayin buɗa baki. In jinin ya yi ƙasa sosai ko kina da ciki kina jiri, ki ji ta bakin likita sannan ki tambayi malaminki, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi.

Yaushe ne sai an ƙara jini? Ni tsoron jinin wani nake

Galibi in Hb ya sauka ƙasa da 7, ko jini na zuba a lokacin, ko zuciya ta fara gazawa, likita ne zai duba yanayin mutum ya yanke. Kowace leda sai an gwada ta ƙanjamau, ciwon hanta B da C da tunjere, an kuma haɗa ta da rukunin jininki kafin a ɗaura. Abin da ya fi ba ni tsoro ni shi ne a nema a rasa, na sha ganin dangi cike da baranda ƙarfe biyun dare ana kiran waya ana neman mai bayarwa. Samarinmu masu lafiya in an zo karɓar jini a masallaci ko makaranta ku miƙa hannu, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba kuma jiki na mayarwa.

Kar a jira gari ya waye in mutum na haki yana zaune, ko ƙirji na ciwo, ko ya suma, ko yana aman jini, ko baƙin bayan gida alhali baya shan ayon, ko mai ciki ko mai jego na zubar da jini, ko yaro ya yi fari fat yana numfashi da sauri ya ƙi nono. A nemi mota a tafi a lokacin, a ɗauki katin awo da duk magungunan da yake sha, kuma a tafi da mutum biyu uku da zasu iya ba da jini.